Injin yankan itacen da muka saya wa Baba: Husqvarna 450 bayan wata bakwai

Toh jama'a, na daɗe ina cewa zan rubuta wannan abun, sai yau Allah ya yi. Wata bakwai kenan da muka haɗa kuɗi ni da Yaya da ƙanina muka saya wa Baba sabon injin yankan itace, wanda wasu ke ce wa censo, kuma da gangan na ƙi yin rubutu a satin farko dan kowane inji a satin farko ango ne, sai ya sha ƙura ya ci itace mai tauri ya kwana a sito sannan ake sanin halinsa.

Baba ya haura sittin da biyar, kuma shi dai a duniya ba abun da yake so irin ya fita da sassafe ya yanka busasshen itace ya tara ya faskara, in ka ce ya huta sai kace ka zage shi. Tsohon injin nasa ya girme wa ƙanina wallahi, sunan kamfanin ma ya goge a jiki, nauyi kaman buhun siminti, ga karkarwa, in ya yi awa ɗaya da shi sai ka ga yana yarfe hannu yana cewa yatsunsa sun mutu. Amma babban abun shi ne tayarwa. Ranar da na yanke shawara ina tsaye na ƙirga da bakina, sau 23 ya ja igiya kafin injin ya yi tari ɗaya, ya tsaya ya dafe kafaɗarsa ta dama yana haki, da ya ga ina kallonsa sai ya saki kafaɗar ya wayance wai ƙuda yake kora. Da daddare Mama take gaya mun ai kullum sai ta gasa masa kafaɗar nan da ruwan zafi, kuma ya hana ta faɗa mana.

Kuskurena na farko, kuma na san da yawa za su yi irinsa, shi ne na tashi neman injin da zai burge ni, ba wanda zai yi wa Baba aiki ba. Na kwana uku ina kallon bidiyo a YouTube, ƙattin turawa suna kayar da bishiyoyin da mutum uku ba za su rungume ba, sai zuciyata ta ce ai Babana ma ya cancanci irin wannan, mai cc 70 zuwa sama, cc ɗin nan ma'aunin girman cikin inji ne, da dogon takobi, ni haka nake kiran ƙarfen nan da sarƙa take zagayawa a kai. Har na fara yi wa Yaya lacca a waya a kan ƙarfin inji, ita kuma ta ce mun kai dai ka sayo abun da ba zai ƙarasa mana tsoho ba. Na ji haushi a lokacin amma ita ce mai gaskiya.

Wanda ya dawo da ni hanya wani bakanike ne dattijo da yake gyaran irin waɗannan injina a wajen dillalin da na je. Ina ta zuba masa lambobi yana goge hannu da tsumma bai ko ɗago ba, sai da na gama ya ce mun, samari, shekarun tsohon nawa, kuma itacen da yake yanka ya kai kaurin me? Na ce yawanci kaurin cinya ne zuwa kaurin bokiti, jefi-jefi a samu gungumen da ya fi haka. Ya ce toh me zai yi da inji mai cc 70? Ya ɗauko wani ƙato ya ɗora mun a hannu ya ce riƙe a miƙe daidai ƙugunka ka ɗan sunkuya, kar ka ajiye sai na ce. Ban kai minti biyu ba bayana ya fara magana. Ya ce toh kai kenan da ƙuruciyarka, kuma babu ko ɗigon mai a ciki.

A nan na koyi cewa nauyin da ake rubutawa a kwali na kan injin ne kawai, ba takobi ba sarƙa ba mai, in ka haɗa su duka sai ka ƙara sama da kilo ɗaya. Kuma bambancin kilo ɗaya a takarda ba komai ba ne, amma a hannun dattijo da zai wuni yana ɗagawa yana saukewa sau ɗaruruwa, shi ne bambancin ya dawo gida da fara'a ko ya dawo ana gasa masa kafaɗa.

Guda biyar na auna a raina. Akwai Stihl MS 250, cc 45.4, kilo 4.6, shi ne mafi sauƙin ɗauka a cikinsu kuma mutane da yawa suna yabonsa. Akwai Stihl MS 271, cc 50.2 amma kilo 5.6. Akwai Husqvarna 455 Rancher mai cc 55.5 da Echo CS-590 mai cc 59.8, duk biyun wajen kilo 6 suke, injina ne masu ƙarfi sosai, in da ni zan saya wa kaina ƙila CS-590 ɗin zan ɗauka dan har yanzu idona yana kansa. Sai Husqvarna 450, cc 50.2, ƙarfinsa kilowat 2.4, nauyi kusan kilo 5. Na kuma yi ta haɗiyar yawu a kan Stihl MS 261, shi na ƙwararru ne, kilo 4.9 amma yana ba da kilowat 3, wato sauƙin ƙarami da ƙarfin babba, sai dai aljihunmu mu uku bai kai can ba kuma gaskiya mai yanka itacen gida ba lallai yake buƙatarsa ba.

Maganar wai Stihl ya fi ko Husqvarna ya fi, ku bar ta, musun ƙwallo ne, ba ya ƙarewa. Stihl na Jamus ne, Andreas Stihl ya kafa shi a 1926, Echo na Japan, Husqvarna na Suwidin kuma ya girme su nesa ba kusa ba, tun 1689 yana nan, da ƙera bindiga ma ya fara, alamar nan tasu mai kama da H da ɗan kambi a sama ai bakin bindiga ce da saitinta in ka kalle ta daga gaba, sun yi keken ɗinki sun yi babur kafin su shiga injin yankan itace a 1959. Da na gaya wa Baba wannan cewa ya yi shi ya sa yake ƙara kaman harbi. Dukkansu sun san aikinsu. Abun da ya raba mun gardama ba tarihi ba ne, tambaya ce guda ɗaya: in ya lalace wa zai gyara, kuma ina za a samu kayan gyaransa ba tare da Baba ya jira ni ba? Wanda yake da dillali da bakanike mafi kusa da Baba shi na bi. In a wajenku na Stihl ne a kusa ku ɗauki Stihl hankali kwance.

Na yi tunanin na batir ma, kuma ba wasa nake ba, dan matsalar Baba ai jan igiya ce, na batir kuwa maɓalli kawai za ka danna, ba haɗa mai, ba hayaƙi, ƙararsa kaɗan. In mahaifinku rassa yake yankawa a bayan gida na awa ɗaya ko biyu, wallahi ku duba na batir da kyau kafin ku ce a'a. Namu yana nisa da inda wuta take kuma yana daɗewa, itacen ma busasshe mai tauri wanda yake shanye caji da wuri, sai an haɗa da batir biyu ko uku, shi kuma mutumin da ko wayarsa sai Mama ta tuna masa ya sa a caji. Shi ya sa na haƙura.

Wani abu kuma, na kusa faɗawa hannun 'yan jabu. Wani mai sayarwa a intanet, ba zan kama suna ba, ya turo mun hoton inji mai kalar lemo sak, an rubuta sunan babban kamfani a takobi, araha kaman a mafarki. Na ce ya ɗauko mun hoton lambar injin da takardar garanti, sai ya fara kame-kame wai kwalin a rufe yake ba a buɗewa. Shikenan na gane. Jabun manyan kamfanonin nan sun yi yawa a duniya, kuma ba wai saurin lalacewa kaɗai ba ne matsalarsu, birkin sarƙar ne, wato abun da yake tsayar da sarƙa nan take in injin ya yi tsalle, ba ka da tabbas zai kama ranar da kake buƙatarsa. Araha ba ta ado, balle a abun da yake gudu da haƙora kusa da ƙafar mahaifinka. Ku saya a wajen dillalin da kamfani ya sani, ku karɓi rasit, a rubuta lambar injin a kai.

Niyyata in yi masa ba-zata, in kawo kwali in ajiye a gabansa. Bakaniken nan ne ya ce kar ka yi, takalmi da injin yanka ba a saya wa mutum a bayan idonsa. Sai na yi dabara na ce Baba ku zo ku raka ni mu kai tsohon injin a duba kafireta. Muna zuwa na ce Baba ku ɗan ɗaga waɗannan ku ji, abokina ne yake son saya ya ce in tambayi wanda ya sani. Ai kuwa nan take ya gyara tsayuwa ya zama malami. Ya ɗaga 455 ya jinjina ya ce wannan na samari ne. Ya ɗaga MS 250 ya ce wannan ya yi daɗin hannu. Ya ɗaga 450 ya juya shi gefe kaman zai yanka kututture, ya sa babban yatsa ya zagaye mariƙin gaba, ya ja igiyar a hankali ya ji yadda take zuwa, ya sake ja, sai ya yi shiru ya ce ka gaya wa abokin naka wannan. Bayan kwana biyu da muka kai masa gida ya kalli kwalin ya kalle mu ya ce, au, ni ne abokin? Ja'iran yara. Sai ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba, Mama ta ce mu ƙyale shi.

Takobi mai inci 16 muka sa, wato wajen santimita 40, duk da injin yana ɗaukar har 20. Nan ma sai da aka ja ni, ni dogo nake so. Amma dogon takobi yana rinjayar inji ta gaba, yana cin ƙarfi, haƙoran da za ka wasa sun fi yawa, kuma bakinsa ya fi saurin taɓa abun da ba ka gani a bayan gungume. Gungumen da ya fi takobi kauri kuwa sai ka yanka ta nan ka zagaya ka yanka ta can, inci 16 zai raba itacen da ya kusa ninkinsa. A wata bakwai sau biyu kacal Baba ya ce mun ya yi zagayen.

Toh yaya aikinsa? Tayarwa dai, wadda ita ce dalilin sayen, alhamdulillahi. Akwai 'yar roba mai kama da ƙwallo da ake dannawa wajen sau shida ta jawo mai zuwa kafireta, ka ja cok, ka ja igiya har ya yi tari ɗaya, ka mayar da cok, ka sake ja ya tashi. Da safe a sanyi ja uku zuwa biyar, in ya yi zafi ja ɗaya ko biyu. Igiyar tana da laushi ba ta fizgar hannu. Abun kunya ni ne na fara shaƙe shi da mai a ranar farko, ina ta rawar kai zan nuna wa Baba yadda ake yi, ya yi tarin ban ji ba na bar cok a jaye na ci gaba da ja, sau wajen ashirin, gumi ya jiƙe ni warin fetur ya cika wajen, har na fara cewa a raina an cuce mu. Baba yana zaune a kan gungume bai ce uffan ba, sai da na gaji ya ce kawo, ya kwance fulogi ya nuna mun jiƙe sharkaf, ya goge ya ja igiyar sau da yawa ba fulogi dan man ya fita, ya mayar, ja biyu ya tashi. Ya ce ɗan boko, littafin da ka karanta bai ce ka saurara da kunne ba?

Karkarwa ta ragu sosai in ka gwada da tsohon, dan mariƙin a raba yake da injin, sifirin ne a tsakaninsu yake shanye girgizar. Wannan ba maganar jin daɗi kawai ba ce, girgizar inji ta shekaru tana lalata jijiyoyi da hanyoyin jini na yatsu har su riƙa yin fari suna mutuwa musamman a sanyi, abun da Baba yake ji kenan yana ɗauka tsufa ne. Yanzu yana cinye tanki biyu bai yarfe hannu ba. Tankin fetur ɗin bai kai rabin lita ba, wasu za su ga ya yi kaɗan, ni kuwa daɗi na ji dan dole ya tsaya ya zuba mai, in ya tsaya kuma sai ya sha ruwa ya miƙe baya, inji ne yake tilasta masa hutun da mu muka kasa. Matacin iska ma ba ya saurin toshewa dan fankar injin tana watsar da manyan ɓarɓashin kafin iska ta kai ga matacin, amma fa ba ya hana a buɗe a kakkaɓe, musamman a busasshen itace mai ƙura.

Ƙarfi kuwa, a itace mai kaurin bokiti yana shiga kaman wuƙa a sabulu in sarƙa tana da kaifi. In ka danna shi da ƙarfi a gungume mai tauri sosai za ka ji muryarsa ta sauka, yana gaya maka shi cc 50 ne ba 70 ba, ka sassauta ka bar nauyinsa ya yi aikin. Kuma a sani inji ne na gida da gona, jikinsa galibi roba ce mai tauri, ba irin 550 XP nasu na ƙwararru mai jikin magniziyam ba. In sana'arka ce yanka daga safe zuwa yamma kwana shida a sati, ba naka ba ne wannan.

Rigimar da muka fi yi da Baba a kan mai ce. Injin nan fetur yake sha haɗe da man tu-ti, wato man inji na 2T da ake gaurayawa da fetur, kashi 50 da 1, wato mililita 100 a lita 5 na fetur, ko 20 a lita ɗaya. Shi kuma Baba da ido yake zubawa tun zamanin da ake haɗa 25 da 1, in na yi magana ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na ce Baba wannan kimar ce take sa hayaƙi da toshe salansa da baƙin fulogi, in kuma wata rana idon ya gaza man ya yi kaɗan fistin ne zai ƙone. Ƙarshe dai ƙanina ya samo 'yar kwalba mai zane da jarka mai lita 5 ya rubuta a jiki da babban baƙi, kwalba ɗaya jarka ɗaya, aka zauna lafiya. Sai kuma kar a haɗa da yawa a ajiye, haɗaɗɗen mai in ya wuce wata ɗaya yana fara lalacewa, fetur mai etanol ma yana jan ruwa daga iska, shi ne yake cinye robobin kafireta. In za a ajiye injin ya daɗe a juye man a bar shi ya yi ta aiki har ya mutu da kansa. Rigima ta biyu a kan man sarƙa ce, wanda ake zubawa daban dan sarƙa ta riƙa santsi a kan takobi. Baba ya saba zuba tsohon baƙin man mota, wai ai asara ce a zubar. Baƙin man da aka juye daga mota cike yake da ɓarɓashin ƙarfe da datti, ba shi da danƙon da zai riƙe sarƙa, yana cin famfon mai yana cin takobi, ga shi yana fallatsa a jiki da ƙasa. Wannan kam sai da na ce garanti zai iya tashi a kai sannan ya bari, kuma ina zargin har yanzu galan ɗin yana nan a ɓoye a bayan sito.

Kuskure na biyu nawa ne kuma ina faɗa dan kar wani ya maimaita. Na zo zan cire murfin gefe in share, ban lura birkin sarƙa a kame yake ba, na kwance noti na fizgo murfin da ƙarfi, da na zo mayarwa ya ƙi shiga ko ta yaya, dan zoben birkin a jikin murfin yake kuma ya tsuke. Littafin ya faɗa ƙarara a saki birki tukuna, ni ne ban karanta wajen ba. Sai da na koma wajen dattijon nan ya buɗe shi cikin minti ɗaya yana mun dariya. Kafin ka taɓa noti ka jawo mariƙin birki baya ka ji ya yi ƙas.

Birkin nan kuwa ya riga ya biya kuɗinsa. Wata rana Baba yana yanka a cikin tarin rassa, saman bakin takobin ya taɓa wani reshe a baya, injin ya yi tsalle sama ya nufo fuskarsa, abun da ba ya kai ƙiftawar ido, birki ya kama sarƙa ta tsaya cak. Ƙanina yana wajen, ya ce Baba ya ajiye injin ya zauna ya yi shiru na ɗan lokaci. Tsohon nasa birkin ya daɗe da karyewa da waya aka ɗaure. Wannan tsallen daga rubu'in sama na bakin takobi yake zuwa, kuma ba ruwansa da shekarunka nawa kana yanka, sarƙar tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, ba hannun da zai riga ta.

Shi ya sa nake cewa in kuɗinku na inji ne kaɗai toh ku rage girman injin ku sayi kayan kariya, dan ba sa zuwa a kwali. Mun haɗa masa da hular kwano mai ragar fuska da abun toshe kunne, ƙarar injin nan ta haura desibel 100, kunne kuma in ya tafi ba ya dawowa, sai safar hannu, takalmi mai ƙarfe a baki, da wandon kariya wanda cikinsa zaruruwa ne dogaye, in sarƙa ta taɓa sai ta jawo su su cushe inda take juyawa ta tsaya. Hular ya karɓa da murna, wandon ne ya ce zafi, wai shekara arba'in yana yanka da wandonsa na gida ba abun da ya same shi. Mun yi lallashi mun gaji. Bayan ranar tsallen nan ba wanda ya sake yi masa magana, Mama ce kawai take rataye wandon a kan injin da daddare, shi kuma yana sawa da safe, ba wanda ya ce wa wani komai. Har tayarwar ma ya canza, da a iska yake wurga injin ya ja igiya, yanzu a ƙasa yake ajiyewa ya taka mariƙin baya da ƙafa, birki a kame.

Abu na ƙarshe da ya kamata ya shiga cikin kyautar shi ne magagari da sarƙa ta biyu. Sarƙarsa mai lamba .325 ce, wato ma'aunin tazarar gaɓoɓinta a inci, zagayayyen magagari mai milimita 4.8 take ci, a riƙe shi a karkace digiri 30, haƙora 33 ne a ta inci 16, shafa biyu ko uku kowane haƙori duk sanda aka zuba mai. Alamar kaifi a ɓarɓashi take, in yana fitowa manya-manya kaman an fere toh lafiya, in ya koma gari kaman ƙura kuma kana dannawa da ƙarfi toh ta dakushe, kuma taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya kashe kaifin. Sabuwar sarƙa tana saki da wuri, a tankin farko sai da muka ɗaure ta sau biyu, wannan ba lalacewa ba ce. A nan kam Baba ne malamina, hannunsa a magagari abun kallo ne. Ina zaune yana wasawa nake ba shi labarin Joseph Cox, wani mai saran itace a jihar Oregon ta Amurka da ya tsaya yana kallon yadda tsutsar wani ƙwaro take cin kututture da lanƙwasassun haƙoranta, hagu da dama, ya kwaikwaya ya ƙera irin haƙorin sarƙar da ake amfani da shi har yau, ya fara sayarwa a 1947. Baba ya ɗaga sarƙar ya ƙura wa haƙori ɗaya ido ya ce, ikon Allah, mu muna ganin tsutsar nan kullum muna tsaki.

Taurari huɗu na ba shi cikin biyar. Na biyar ɗin na riƙe ne dan wata bakwai bai isa a san tsawon ran inji ba, a tambaye ni bayan shekara uku. Zuwa yanzu fulogi ɗaya aka canza, shi ma dan an ga dama ne, sai sarƙar farko da ta kusa ƙarewa. Mama ta ce rabon da ta dafa ruwan gasa kafaɗa tun watan da aka kawo shi.

Jiya da yamma ya kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce in zan zo in taho masa da magagari biyu, na wajensa ya yi santsi, kuma in gaya wa ƙanina maganar aron injin da ya yi ranar nan babu ita, in yana so ga tsohon can a sito ya ɗauka.